Matakan sayar da tsohon fim ɗin kyamara baƙi da fari da aka adana a firiza

Da farko a fito da fim ɗin daga firiza, a bar shi rufe cikin ledarsa na wasu sa'o'i har sanyin ya sake shi, domin idan aka buɗe shi da wuri, raɓa za ta kwanta a kansa ta yi masa tabo.

Daga nan a rubuta sunansa, da girmansa, 35mm ne ko 120, da ranar ƙarewar wa'adinsa. Masu saye sun fi neman irin waɗanda aka daina yi, kamar Plus-X da Kodak ta dakatar a 2011.

Mataki mafi muhimmanci shi ne gwaji. A ɗauki hotuna da naɗi ɗaya, a wanke, a nuna wa mai saye sakamakon. Sanyi yana rage saurin lalacewar fim, amma ba ya hana hazon da ke taruwa a kansa da shekaru, musamman fim mai ISO (lambar da ke nuna saurin kama haskensa) 400 zuwa sama. Saboda haka a faɗi gaskiyar tsawon zamansa a firiza, ko da hakan zai rage farashi.

Wajen aikawa, a bar shi cikin kwalinsa na asali, a kuma kauce wa zafi.