Yadda Ake Gane Tirayoksen da Adana Shi a Ɗakin Gwaji

Tirayoksen sinadari ne da ke samuwa idan ƙwayoyi uku na fomaldihayid (wata iska mai yaji da ake narkar da ita a ruwa) suka haɗu suka zama zobe mai gaɓa shida, kabon da oksijin suna bin juna ɗaya bayan ɗaya, kuma alamarsa ita ce C3H6O3. Masana'antu suna samar da shi ta hanyar dafa kakkauran ruwan fomaldihayid da ɗan asid, mafi yawansa kuma yana tafiya ne wajen yin roba mai tauri da ake kira POM.

Sabon ma'aikaci yakan ɗauke shi a matsayin farafomaldihayid, tunda dukansu farare ne kuma tushensu ɗaya, alhali shi wancan doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin fomaldihayid, ba zobe ba. Domin rarrabe su, a fara da ido: tirayoksen ƙanƙara-ƙanƙara ne mai sheƙi, wancan kuwa gari ne. Daga nan a ɗebi kaɗan a zuba cikin ruwan sanyi a motsa, za a ga tirayoksen ya narke tas, farafomaldihayid kuma ya bar ruwan ya yi fari-fari kamar tsinkakken koko, sannan ya kwanta a ƙasa. Gwajin da ya fi ba da tabbaci shi ne na zafi, domin tirayoksen yana narkewa a wajen digiri 62 na Salshiyas, yana kuma tafasa a wajen 115. Kada dai a kai hanci bakin kwalba da sunan tantancewa, ko da an saba.

Wajen ajiya ne aka fi yin sakaci. Tirayoksen yana zama tururi kai tsaye ba tare da ya narke ba, shi ya sa ake ganin siraran allurai farare sun fito a jikin murfin kwalbar da ta daɗe, kuma idan murfin bai rufu sosai ba kayan za su yi ta raguwa ba a sani ba. Tururinsa yana iya kama wuta tun daga wajen digiri 45, zafin da ɗakin ajiya mai rufin kwano yake iya kaiwa a lokacin bazara. Don haka a rufe shi ruf, a sa shi wuri mai sanyi da iska, nesa da harshen wuta.

A kuma raba masa wurin ajiya da kwalaben asid, domin asid yana kwance zoben ya saki fomaldihayid, wanda ke yaji a ido da maƙogwaro, kuma an tabbatar yana haddasa ciwon daji. Duk aikin da zai haɗa su a yi shi cikin akwatin zuƙe hayaƙi, da safar hannu da tabarau.