Kurakuran da aka fi yi wajen sa firinta ta riƙa buga saƙonnin Proton Mail da kanta

Wani ƙaramin ofishin lauyoyi da nake kula wa da kwamfutoci ya koma Proton Mail, wani sabis na imel mai kulle saƙonni, saboda sirrin mutanen da yake karewa. Maigidan ya ce mini abu ɗaya yake so: idan ya shigo da safe, ya tarar da duk takardar da aka turo cikin dare tana kwance a bakin firinta. Aikin ya yiwu, amma sai da na sha tuntuɓe, kuma tuntuɓen nan su ne nake ganin wasu na maimaitawa.

Na farko shi ne zaton manhajojin imel irin Thunderbird ko Outlook za su shiga akwatin kai tsaye, kamar yadda ake yi da Gmail. Proton, wanda aka kafa a Jeniba ta ƙasar Suwizalan a 2014, yana ajiye saƙonni a kulle, mabuɗin kuma na hannun mai akwatin, don haka babu ƙofar IMAP, wato hanyar da manhajar imel ke bi ta ɗauko saƙo, da za ka ƙwanƙwasa daga waje. Sai ka saka manhajar Proton Mail Bridge, wadda ke ɗauko saƙo ta buɗe shi a cikin kwamfutarka, sannan ta miƙa wa manhajar imel. Bridge ba ta aiki da akwatin kyauta, sai na biya. Idan kuwa akwatinka na Tuta ne, wani kamfanin imel mai kulle saƙo irin Proton, kada ka wahalar da kanka, ba su da IMAP sam.

Bayan an saka Bridge, mutane da yawa sukan rubuta kalmar sirrin akwatinsu a Thunderbird, ta ƙi karɓa, su yi ta sakewa har ransu ya ɓaci. Ba ita ake nema ba. Bridge na ƙirƙirar tata kalmar sirrin daban, ita za ka kwafo. Adireshin saba shi ne 127.0.0.1, wato kwamfutar da kake kai, ƙofar IMAP yawanci 1143, ta SMTP, wato ta aika saƙo, kuma 1025. Wannan na nufin duk abin da zai ɗauko saƙon ya buga dole ya zauna a kwamfuta ɗaya da Bridge. Mai amfani da Outlook kuma ya riƙe tsohuwar, sabuwar Outlook ta Windows ba ta jituwa da Bridge.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne yanke hanya. Wasu firintocin HP da Epson suna da adireshin imel nasu, duk abin da aka aika can sai su buga. Sai mutum ya ce ai shi ke nan, bari ya sa Proton ya riƙa tura kowane saƙo zuwa adireshin firinta. Zai yi aiki, babu musu. Amma saƙon zai fita daga kulle, ya ratsa sabar kamfanin firintar a buɗe kafin ya dawo ofishinka. Ka biya kuɗi ka sa wa ɗaki ƙofar ƙarfe, sannan ka bar taga a hangame. Takardar gado, yarjejeniyar fili, sakamakon gwajin asibiti, ba abubuwan da za a ba wa wani na uku ajiya ba ne don kawai a huta da saiti. Gyaran shi ne buɗe saƙo da buga shi duk su gudana cikin gida: Bridge, sai manhajar imel ko ɗan shirin da ka rubuta, sai firinta ta waya ko ta Wi-Fi ɗin ofis. Tsohuwar Outlook na da dokar da ke buga saƙo idan ya shigo, sai dai dole manhajar ta kasance a buɗe, kuma ka gwada ka ga ko fayil ɗin da aka haɗo na fitowa ko jikin saƙon kaɗai. Thunderbird ba ta zo da umarnin bugawa cikin matatunta, wato dokokin da ke tace saƙonni, ba, sai an ƙara mata wani abu irin FiltaQuilla.

Sai dogaro da alamar "ba a karanta ba". Haka na tsara nawa da farko: duk saƙon da ba a buɗe ba, a buga. Rannan maigidan ya buɗe wani saƙo a wayarsa bayan sallar asuba, alamar ta goge, takardar ba ta fito ba, ya isa ofis yana neman abin da zai tafi da shi kotu. Abin da ya fi shi ne ka buɗe jaka biyu a akwatin, ɗaya "A buga", ɗaya "An buga". Matatar Proton ta jefa saƙon da ya cancanta cikin ta farko, shirin ya buga, sai ya mayar da shi ta biyu bayan firinta ta karɓi aikin. Haka kuma ke hana a sake buga tsofaffin saƙonni idan kwamfuta ta mutu ta tashi.

Kada kuma ka ce a buga komai. Tambarin kamfani da ke ƙasan saƙo shi ma fayil ne, zai cinye maka shafi guda shi kaɗai. Wani ya turo littafin shafi 300, rim ɗin takarda mai 500 ya tafi fiye da rabi kafin gari ya waye. Ka taƙaita ga adiresoshin da ka sani, ka bar PDF kaɗai ya wuce, ka sa iyakar shafuka. Fayil ɗin Word da ya zo daga baƙo, mutum ne ya kamata ya duba shi tukuna. PDF mai kalmar sirri ma ba zai bugu ba, a ware shi gefe. Takardun da aka tsara a Amurka kan zo da girman Letter, mu kuma A4 muke sakawa; a Linux ƙara -o media=A4 -o fit-to-page ga lp, umarnin da ke aika fayil ga firinta, na magance wannan.

Ɗauke wuta ma na da nata ɓarnar. Wuta ta dawo, kwamfuta ta tashi, amma Bridge ba ta tashi ba saboda ba a sa ta fara da kanta ba, ko ma'ajiyar kalmomin sirri ta Linux na jiran wani ya buɗe ta. Ko rauta, na'urar da ke raba intanet a ofis, ta ba firinta sabon adireshi, kwamfuta na ta aikawa inda babu kowa: ka kafe wa firinta adireshi guda. Wani lokaci CUPS, tsarin da ke kula da bugawa a Linux, kan dakatar da firinta gaba ɗaya idan aiki ya faɗi; umarnin cupsenable zai tashe ta, saita printer-error-policy=retry-job kuma zai sa ta riƙa sake gwadawa. Ka kashe barcin kwamfutar, sannan ka cire filogi da gangan ka ga ko komai zai dawo ba tare da ka taɓa ba.

Abin da na fi daɗewa ban lura da shi ba shi ne takardar kanta. Firintar ofishin na kusa da ƙofa, mai shara kuma shi ke fara shigowa. Wata safiya na ga takardar rabon gado a buɗe, sunaye da adadin kuɗi a fili, duk mai wucewa na iya karantawa. Muka mayar da firintar ɗakin maigida, na sa aikin ya jira da lp -H 07:00. Umarnin agogon UTC yake bi, wanda agogon Najeriya ke gabansa da awa ɗaya, wato ƙarfe 8 na safe a Najeriya, lokacin da sakatariya ta iso. Na sa PreserveJobFiles No a cupsd.conf, fayil ɗin saitin CUPS, don kada kwafi ya kwana a /var/spool/cups, shirin kuma yana goge fayilolin da ya sauke da zarar an gama bugawa.