Kyamara ɗaya ko kyamarori da yawa: yadda zaka zaɓa kafin ka fita lokeshan

Kafin kaje hayar kayan aiki ka fara tambayar kanka, abin nan da zan ɗauka za'a iya maimaita shi? In abu ne da darakta zai iya cewa kat, a sake, toh kyamara ɗaya ta isheka. In kuwa sau ɗaya yake faruwa ya wuce, kamar ɗaurin aure ko Hawan Daushe ko dambe ko tafsirin azumi, ka nemi biyu zuwa uku, dan ba wanda zai ce wa liman ya sake ɗaura aure saboda lokacin kana canza wajen tsayuwa.

Mu fara da kyamara ɗaya tunda da ita akasarin finafinan Kannywood da masu dogon zangon nan na YouTube ake yinsu. Misali miji da mata suna rigima a falo. Farko ka kafa kyamara daga nesa yadda zata ɗauko su duka biyun da ɗakin, suyi sin ɗin, wato wannan yanki na labarin, daga farko har ƙarshe, wannan shine masta, shine jigon da edita zai dinga komawa kansa in wani abu ya lalace. Sai ka matso da kyamara kan fuskar mijin, a gyara fitilu, su sake yi tun daga farko. Sai ka juya kan matar, a kuma gyara fitilu, su sake. Kaga kenan sin ɗaya anyi shi aƙalla sau uku, kuma wannan in ba wanda ya manta layinsa kenan. Sannan ba'a bin labari a jere, duk sin ɗin da yake a falon nan ranar za'a gama shi ko da ɗaya na farkon fim ne ɗaya na ƙarshe.

Daɗin abin shine haske. Kowane shot, wato ɗauka daga waje ɗaya da ka kafa kyamara, kai zaka tsara masa haskensa, ka kawo fitila kusa da fuska, ka bar inuwa a gefe ɗaya in sin ɗin na baƙin ciki ne, mai riƙe makirfo ya sauko dashi daf da kan jarumi tunda ka san iya inda hoton ya tsaya. Shi yasa hoton kyamara ɗaya in an nutsu yake fin kyau nesa ba kusa ba.

Amma fa anan ne wahalar take, kuma wallahi anan ne ayyukanmu da yawa suke zubewa, wato kontiniti, komai ya zama iri ɗaya daga wannan shot zuwa wancan. A masta gyalen jaruma yana kafaɗar dama, a shot ɗin kusa ya koma hagu, kofin shayi ɗazu cike yanzu rabi, hular mijin ta canza karin da aka yi mata, kuma mai kallo yana gani ko bai faɗa ba, daga nan ya daina yarda da labarin. Ka ware mutum ɗaya wanda bashi da wani aiki sai wannan, yana riƙe da waya yana ɗaukar hoton kowa da komai kafin a fara da bayan an tsaya, yana rubuta da wane hannu aka ɗaga kofi kuma a kan wace kalma. In a waje kuke aiki kar ka manta rana tafiya take, shot ɗin da ka ɗauka da hantsi bazai haɗu da na la'asar ba, dan haka sin ɗin waje a gama shi a zama ɗaya.

Akwai kuma dokar layi da ake kira digiri 180. Ka ja layi a zuciyarka tsakanin mutum biyun, duk inda zaka kai kyamara ka tsaya a ɓangare ɗaya na layin. In ka tsallaka, a editin sai kaga su biyun suna kallon gefe guda kamar ba da juna suke magana ba.

Toh sai kyamarori da yawa. Wannan salon gidan talabijin ne, labarai, hira, muhawara, ƙwallo. A Amurka shirin barkwancin nan I Love Lucy da ya fara a 1951 shi ya fito da salon sosai, kyamara uku suna ɗauka lokaci guda a gaban 'yan kallo, kuma mai ɗaukar hoton shirin, Karl Freund, ya tsara musu haske mai bazuwa ko'ina daidai yadda duk kyamarar da aka yanko hotonta zai yi kyau ba sai an taɓa fitila ba. Har yau tsarin bai canza sosai ba. Ta tsakiya ta ɗauko kowa, ta hagu ta kalli wanda ke zaune a dama, ta dama ta kalli na hagu, dukkansu a ɓangare ɗaya na layin nan kuma ba wacce zata hango 'yar uwarta. Abin da ka rasa shine wancan hasken mai inuwa, makirfo ma sai dai na maƙalawa a riga ko ka jawo sauti kai tsaye daga miksa, wato na'urar haɗa sauti.

Aikin nan kusan duk kafin a fara ake yinsa, in an fara ba gyara. Ka samu kyamarori iri ɗaya in da hali, dan Canon da Sony kowacce da yadda take fitar da launin fata. Ka saita su duka akan firem 25 a sakan, wato hoto 25 duk sakan ɗaya, shota kuma, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto, 1/50 na sakan, saboda wutar lantarkin Najeriya da Nijar 50 Hz ce, in ba haka ba fitilun ɗakin taro zasu dinga ƙyaftawa a hoton. Ka ɗaga farar takarda ɗaya a inda mai magana zai zauna kowa ya saita farin kyamararsa a kanta dan launinsu ya zo ɗaya. In duk sun fara naɗa wani ya tsaya inda kowace kyamara take ganinsa ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, da wannan tafin edita zai jera hotunan su zo daidai da juna a manhajar editin irin Premiere Pro ko DaVinci Resolve. Kuma dan Allah ka gaya wa yaranka kar wanda ya kashe kyamara a tsakiya wai yana tattalin katin memori, duk kashewa ɗaya sabon aikin jerawa ne ga edita. Ka sayi kati da had disk na ajiya isassu, taron awa biyu da kyamara uku hoton awa shida ne.

In kai tsaye zaka watsa a Facebook ko YouTube sai ka nemi na'urar yanka, wato mai sauya hoto daga wannan kyamara zuwa waccan, irin ATEM Mini mai ɗaukar kyamara huɗu ta wayar HDMI, ko kwamfuta da manhajar OBS ko vMix. Mutum ɗaya ya zauna yana yanka, kuma lallai ya zama yana magana da masu kyamara, ko da kiran waya ne na haɗaka da abin kunne, dan kar mutum ya motsa kyamara lokacin da hotonsa ne a iska. Duk da haka kowace kyamara ta naɗa nata a kati saboda ko wuta ko netwok zai iya yankewa.

Maganar kuɗi kuma, mutane suna ɗauka kyamara ɗaya ce mai arha, ba kullum ba. Ita kwanaki take ci, kuma kowace rana akwai abincin ma'aikata, man janareta, kuɗin gidan da aka ara, sallamar jarumai. Kyamarori uku kuɗin haya da ma'aikata suke ci amma hirar minti talatin zaka iya gama ta cikin awa ɗaya, harma ka ɗauki hira uku ko huɗu a rana guda.

Ni dai shawarata ga mai fim shine ya tsaya a kyamara ɗaya ya kyautata haske da sauti, sai ranar sin mai wuyar maimaitawa ya hayo ta biyu. Kuka na gaske baya zuwa sau uku, ƙaramin yaro bazai maimaita abu iri ɗaya ba, in za'a fasa gilashin mota kuma sau ɗaya kuɗinka zai iya. Ranar sai ka ajiye ta biyun a gefen ta farko, ɗaya daga nesa ɗaya kusa, duk suna kallon gefe guda, haske ɗaya ya wadace su.