Yadda Ake Shirya Tafiyar Wasan Zamiya a Kan Dusar Ƙanƙara

Wanda zai fara zuwa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara yakan soma da tambayar wane wuri ne ya fi suna, alhali abin da ya kamata ya fara dubawa shi ne wane wuri ne ya dace da iyawarsa. Garin Chamonix na ƙasar Faransa, wanda ya karɓi baƙuncin gasar Olympics ta hunturu ta farko a shekarar 1924, ya shahara ne saboda tsananin gangaren tsaunukansa, ga shi kuma filayen wasansa a warwatse suke, sai an shiga bas daga wannan zuwa wancan. Haka St. Anton na ƙasar Ostiriya, ya fi yi wa ƙwararru daɗi. Ɗan koyo kuwa abin da yake bukata shi ne faffaɗan fili mai sauƙin gangare, kusa da masaukinsa. Saboda haka, kafin ka biya ko kwabo, ka nemi taswirar hanyoyin wurin ka duba launukansu. A Turai shuɗi yana nufin hanya mai sauƙi, ja matsakaiciya, baƙi kuma mai wuya, sannan a Faransa akwai kore wanda ya fi shuɗi sauƙi. A Amurka da Kanada ana amfani da koren da'ira ga mai sauƙi, shuɗin murabba'i ga matsakaiciya, da baƙin lu'ulu'u ga mai wuya. Idan ka ga ja da baƙi sun mamaye taswira, to ka bar wurin sai wata shekarar.

Lokacin tafiya da tsayin wurin abu ɗaya ne a lissafi. A tsaunukan Alps na Turai kakar wasa takan kama daga Disamba zuwa Afrilu, amma ba kowane wuri ne ke samun ƙanƙara mai kyau a farkonta da ƙarshenta ba. Duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kusan digiri 6.5, shi ya sa wuri kamar Val Thorens na Faransa, wanda ke kan tsayin mita 2,300, yake buɗewa tun ƙarshen Nuwamba ya kai har farkon Mayu, a lokacin da ƙauyukan da ke ƙasa sun koma taɓo. Makon Kirsimeti da na sabuwar shekara da hutun makarantu na Fabrairu su ne mafi tsada da cunkoso. A ganina, tsakiyar Janairu ko watan Maris sun fi dacewa da mai koyo, domin layi ya ragu, kuma a Maris rana takan daɗe ba ta faɗi ba. Wanda bai samu sarari ba sai tsakiyar shekara, yana iya nufar Bariloche a Ajantina ko Queenstown a New Zealand, inda hunturu ke kamawa daga Yuni zuwa Satumba.

Wajen zaɓen masauki, nisansa da tashar kujerun igiya masu hawa da mutane tsauni ya fi kyan ɗakin muhimmanci, domin tafiyar minti 15 cikin takalman wasa, ga alluna (dogayen allunan da ake ɗaurawa a ƙafa a yi zamiya da su) a kafaɗa, tana gajiyar da mutum tun bai fara komai ba. Kada kuma ka yi gaggawar sayen katin hawa na yankin gaba ɗaya. Yankin Les Trois Vallées na Faransa yana da hanyoyi masu tsawon kusan kilomita 600, amma ɗan koyo ba zai taka ko kashi ɗaya cikin goma ba, kuma wurare da yawa suna sayar da ƙaramin kati mai rahusa na filin koyo. Kuɗin da ka rage a nan ka zuba shi wajen malami, ka kuma yi rajista da makarantar koyarwa tun kana gida, domin guraben makonnin cunkoso sukan cika da wuri.

Sai batun kaya, kuma a nan takalmi ne ya cancanci a tsaya a kansa. Takalmin wannan wasa na roba ne mai tauri, yana kaiwa har tsakiyar ƙwauri, kuma ta cikinsa ne duk motsin ƙafarka yake isa ga allo. Ana auna shi ne da tsawon tafin ƙafa a santimita. Idan ka je shagon haya, ka sa safar da za ka yi wasa da ita, guda ɗaya tak, doguwa kuma marar kauri, domin ninka safa yana kawo lanƙwasa da ke goge fata har ta yi bororo. Ka zura ƙafa, ka buga diddige a ƙasa don ya zauna daram, sannan ka ɗaure maɗaurai. Idan ka miƙe tsaye, ya kamata yatsunka su ɗan taɓa gaban takalmin. Idan ka lanƙwasa gwiwa ka danna ƙwauri gaba, sai su ja baya kaɗan, diddigen kuma kada ya ɗaga. Mutane da yawa sukan karɓi wanda ya fi ƙafarsu girma saboda ya fi daɗi a cikin shago, daga baya ƙafar ta riƙa yawo a ciki, farce ya mutu, allon kuma ya ƙi bin umarni. In takalmin ya matse ka a wuri guda har ƙafa ta yi sanyi ko ta mutu, ka koma a canza maka a ranar, kada ka ce za ka daure.

Alluna da sanduna haya za ka yi, babu dalilin saye a tafiyar farko. Allon ɗan koyo yakan tsaya wajen haɓarsa idan aka miƙar da shi. Mai shago zai tambayi nauyinka da tsawonka da shekarunka da iyawarka, kuma wajibi ne ka faɗa masa gaskiya, domin da waɗannan yake saita maƙalin da ke sakin takalmi idan ka faɗi. Idan ya yi tsauri fiye da kima, gwiwa ce za ta murɗe.

Tufafi hawa uku ake sawa: na ciki mai tsotse gumi, na tsakiya mai riƙe ɗumi, da na waje mai hana ruwa da iska. A guji auduga a jikin fata, domin tana riƙe gumi ta sanyaya mutum. Hular kwano da safar hannu mai hana ruwa ba abin sakaci ba ne. Haka tabarau da man kare fata, domin sabuwar ƙanƙara tana iya mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna, ko da akwai gajimare.

Ka karanta takardar inshorarka da kyau, domin inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta haɗa da wasannin hunturu, kuma a Faransa wanda aka ɗauko daga kan hanyar wasa bayan ya ji rauni shi ake kai wa takardar biyan kuɗi. Italiya ma tun daga 2022 ta wajabta wa kowane mai wasa inshorar biyan diyya idan ya raunata wani. A kan tsauni, wanda ke gabanka shi ke da hanya, kai ne za ka kauce masa, kuma ba a tsayawa a ƙuntataccen wuri ko bayan tudu inda mai saukowa ba zai hango ka ba. Kada ka tsallake alamun gefen hanya, domin a can ne ƙanƙara ke zaftarewa. Ana auna haɗarin daga mataki na 1 zuwa na 5, ana kuma kafa sanarwarsa a tashoshi kowace safiya. Ka adana lambar gaggawa ta Turai, 112, tare da ta masu ceto na wurin, wadda akan buga a jikin taswira.