Yadda Nake Gane Ko Yaƙi Zai Tsallaka Iyaka Ya Faɗa wa Maƙwabta

Daren Talata, 15 ga Nuwamba 2022, ina bakin aiki a teburin labaran ƙetare sai ga labari ya faɗo: makami mai linzami ya sauka a ƙauyen Przewodow da ke gabashin Polan, ya kashe mutum biyu a wurin busar da hatsi. Wani babban kamfanin dillancin labarai ya ce Rasha ce ta harbo shi, ya jingina maganar ga wani jami'in da bai ambaci sunansa ba. Polan kuwa 'yar ƙungiyar tsaro ta NATO ce, kowa ya san abin da hakan ke nufi. Har na rubuta kanun labarin, "Rasha ta kai wa Polan hari", saura in aika, sai babbar editarmu ta dafa bayan kujerata ta ce, "Malam, wa ya gani?" Na ce ai an ruwaito. Ta ce, "Ban tambaye ka wa ya ruwaito ba. Ita Polan ɗin me ta ce, me ta yi?"

Da na koma na duba, sai na tarar ma'aikatar harkokin wajen Polan cewa ta yi makamin ƙirar Rasha ne. Ba ta ce Rasha ce ta harba ba. Tsakanin maganganun nan biyu akwai tafiya mai nisa, domin Yukren ma da irin waɗannan makamai na zamanin Tarayyar Sobiyat take kare samaniyarta. Washegari Shugaba Andrzej Duda ya fito ya ce alamu sun nuna makamin kariya ne na Yukren ya kauce hanya lokacin da take tare ruwan makaman Rasha. Da na aika kanun nan, da na sha kunya.

Tun daga ranar na tsara wa kaina hanyar da nake bi in an ce yaƙi na neman cin maƙwabta. Ga ta nan, ko za ta yi wa wani amfani, ɗan jarida ne ko ɗalibi ko mai bin labarai kawai.

Kafin ka karanta sanarwar kowace gwamnati, buɗe taswira. Abu uku nake nema a kanta: nisan fagen daga da iyaka, mutanen da ke zaune a ɓangarorin iyakar biyu, da hanyar da arzikin ƙasar ke bi ya fita. Ɗauki yaƙin Sudan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. In ka dubi Chadi za ka ga garin Adre a bakin iyaka, yana kallon Darfur, inda dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira suka tsallako. Za ka kuma tarar da 'yan ƙabilar Zagawa nan da can, kuma gidan Deby da ke mulkin Chadi daga cikinsu ya fito. Abin da ya taɓa dangi a Darfur yana ƙarasawa har cikin barikokin Anjamena. Ba yau aka fara ba: a Fabrairun 2008 'yan tawayen da Chadi ke zargin Sudan da ɗaure wa gindi sun shiga har Anjamena, a watan Mayu kuma 'yan tawayen Darfur suka dira Omdurman da ke daf da Khartoum, Khartoum ta ce da hannun Chadi. Sai a 2010 suka yi sulhu suka kafa rundunar haɗin gwiwa a iyaka. Sudan ta Kudu kuwa matsalarta bututu ce. Ɗanyen manta ta cikin Sudan yake bi ya isa Bahar Maliya, kuma da shi gwamnati ke biyan kusan komai. Ƙasar da maƙogwaronta ke hannun masu faɗa biyu, kada ka jira ta ɗaga wa ɗayansu murya.

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi, a nan nake daɗewa: me ke ratsa ƙasar? Kowace maƙwabciya za ta ce maka ita 'yar ba-ruwanmu ce. Bari ta faɗa, kai dai ka duba titunanta da filayen jiragenta da tashoshin ruwanta. Yarjejeniyar Hague ta 1907 ta shimfiɗa sharaɗin a fili: ƙasar da ta ce ba ruwanta ba za ta bari a ratsa ta da sojoji ko ayarin makamai ba, kuma in sojan wani ɓangare ya shigo mata sai ta tsare shi. A aikace ƙalilan ne ke iya cika wannan. Belarus ba ta tura sojanta cikin Yukren ba, amma daga ƙasarta rundunar Rasha ta taso ta nufi Kiyef a Fabrairun 2022. Polan ma ba ta tura soja ba, amma filin jirgin saman Rzeszow ya zama babbar mashigar makaman da ƙasashen Yamma ke aika wa Yukren, har aka girke masa makaman kariya na Patriot. A takarda babu wadda ke yaƙi a cikinsu. A idon wanda ake yaƙa da shi kuwa, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Dalilin da ya sa nake daɗewa a nan shi ne Kambodiya. Yarima Sihanouk, shugaban ƙasar a lokacin, ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya tsame ƙasarsa daga yaƙin Biyetnam. Ba shi da ƙarfin korar mayaƙan kwaminisanci da suka mai da dazukan gabashin ƙasar mafaka da hanyar safarar kaya, sai ya kau da kai, yana ganin faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa. A watan Maris na 1969 Amurka ta fara yi wa yankin ruwan bama-bamai a asirce. A Maris ɗin 1970 Janar Lon Nol ya kifar da Sihanouk yana ƙasar waje. A Afrilun 1975 mayaƙan Khmer Rouge, 'yan kwaminisancin Kambodiya, suka shiga Phnom Penh. Shekara shida ke nan daga bam na farko zuwa faɗuwar babban birni. Saboda haka in ka ga ƙasa mai raunin soja ta zama hanyar wucewa, sa ta a sahun farko na waɗanda ke cikin haɗari, ko da shugabanta ya fi kowa iya zancen zaman lafiya.

Kuɗi ma ratsawa ne. Lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, daga 1980 zuwa 1988, Kuwait ta tsorata da Iran, ta ranta wa Saddam Hussein biliyoyin daloli. Iran ta shiga far wa jiragen dakon man Kuwait, har a 1987 Amurka ta liƙa wa jirage 11 na Kuwait tutarta tana yi musu rakiya. Yaƙi ya ƙare, bashi ya zama abin rigima, ranar 2 ga Agusta 1990 wanda aka ranta wa ya mamaye mai bashin. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Ni kan rubuta wannan a gefen takarda duk lokacin da na ga ƙaramar ƙasa tana ciyar da babban mayaƙi.

Na uku shi ne abin da masana ke yawan kawowa, wanda masanin siyasar duniya John Herz ya raɗa wa suna a 1950. Ni ina kiransa tarkon tsoron juna. Ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa, wannan hankali ne. Matsalar ita ce a harkar tsaro bokitin ruwan naka daga nesa kama yake da galan ɗin fetur. Ka ƙara soja a iyaka don kada a afka maka, na ƙetare ya ce shirin afka masa kake, ya ƙara nasa, kai kuma ka ce ka ga abin da nake faɗa. Finlan tana da iyakar kilomita kusan 1,340 da Rasha, ta shekara da shekaru ba ta shiga ƙawancen soja ba. Ganin abin da ya sami Yukren ta shiga NATO ranar 4 ga Afrilu 2023, Suwidin ta bi ta a Maris ɗin 2024. Rasha kuma ta farfaɗo da yankin soja na Leningrad da ke fuskantar Finlan ɗin.

Ga yadda nake aiki da wannan. Duk matakin da ƙasa ta ɗauka, ina rubuta shi sau biyu: layi ɗaya yadda ita take ganinsa, layi ɗaya yadda na ƙetaren iyaka zai gan shi. Sannan in tambaya, abin da aka kawo iyakar na tarewa ne ko na kutsawa? Ramuka da shinge da makaman kakkaɓo jirage ba sa tafiya ko'ina. Tankoki da gadojin tafi-da-gidanka da rumbunan mai da asibitocin fagen daga, waɗannan kayan mai niyyar tafiya ne. A nan sai na yi gargaɗi, don na ga masu sharhi suna amfani da tarkon tsoron juna su wanke kowa. Ba kowace rigima ce rashin fahimta ba. Wani lokaci ɗaya ɓangaren da gaske yake son abin hannunka, kuma wanda ya yi shiri ya yi daidai. Finlan, a ganina, ba zargi take yi ba, gani ta yi.

Yanzu ranar da abu ya faɗo, makami ko jirgi maras matuƙi ko harsashi ya tsallaka. Kada ka yanke hukunci a daren. Ba wa lamarin kwana biyu, ka kasa kunne ga kalmar da aka zaɓa. Gwamnatin da ta ce "abin da ya faru" ko "muna bincike" ƙofa take bar wa kanta. Wadda ta ce "hari da gangan" ta fara rufe ƙofar. In 'yar NATO ce, duba wace aya ta ambata a yarjejeniyar ƙungiyar: aya ta 4 kiran shawara ce kawai, aya ta 5 ita ce ta taɓa ɗaya a taɓa duka, kuma sau ɗaya tak aka taɓa amfani da ita, bayan harin 11 ga Satumba 2001. A lamarin Przewodow ko ta 4 ɗin Polan ba ta kira ba a ƙarshe.

Ko an zubar da jini ma ba lallai yaƙi ya biyo ba. Ranar 24 ga Nuwamba 2015 Turkiyya ta kakkaɓo jirgin yaƙin Rasha samfurin Su-24 a iyakar Siriya, ta ce ya shiga samaniyarta na daƙiƙa 17, Rasha ta musanta. Putin ya kira abin suka ta baya. Mun zauna muna jiran tashin duniya. Abin da ya biyo baya takunkumi ne a kan kayan gona da jiragen masu yawon buɗe ido. A Yunin 2016 Erdogan ya aika wasiƙar nuna takaici, a 2019 kuma makaman kariyar sama samfurin S-400 da ta saya daga Rasha suka sauka a Turkiyya. In martani ya fito ta hanyar ciniki, yawanci an zaɓi a huce ke nan.

Duba kuma ko ƙasar tana da wata doka ko tsohuwar yarjejeniya da za ta fake da ita. Turkiyya ta yi haka ranar 28 ga Fabrairu 2022, ta rufe mashigan ruwa na Bosforus da Dardanel, ƙofar shiga Bahar Aswad, ga jiragen ruwan yaƙi, ta ce yarjejeniyar Montreux ta 1936 take bi. Ta sayar wa Yukren jirage marasa matuƙa, ta ƙi sa wa Rasha takunkumi, a Yulin shekarar kuma ta haɗu da Majalisar Ɗinkin Duniya aka buɗe hanyar fitar da hatsi ta Bahar Aswad. Jodan ma da ta kakkaɓo jiragen Iran marasa matuƙa da suka ratsa ta sun nufi Isra'ila a Afrilun 2024, cewa ta yi samaniyarta take karewa, ko daga ina abu ya taso. Da ɗimbin 'yan ƙasarta masu asalin Falasɗinu, ba ta da wata maganar da ta fi wannan. Ƙasar da ke iya cewa "ƙa'ida ce, ba kai nake nufi ba" ta fi samun sarari.

Sansanonin 'yan gudun hijira: auna nisansu da iyaka, ka tambaya wa ke iko a ciki. Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta nemi a tsugunar da su nesa da iyakar ƙasar da suka baro, kuma abin da ya faru a Goma, birnin da ke gabashin Zayar (Kwango ta Dimokuraɗiyya a yanzu), ya nuna dalili. A Yulin 1994 dubban ɗaruruwan 'yan Ruwanda suka kwarara gabashin Zayar cikin 'yan kwanaki, a cikinsu har da sojoji da 'yan bangar da suka aikata kisan kiyashi. Aka kafa sansanoni daf da iyaka, masu makamai suka karɓe rabon abinci, suka riƙa tsallakawa suna kai hari. A 1996 Ruwanda ta biyo su, a Mayun 1997 shugaban Zayar Mobutu ya gudu daga Kinshasa. Talakan da ya gudo da tabarmarsa ba shi da laifi a nan, shi ma garkuwa aka yi da shi. Laifin na wanda ya ƙi raba mai bindiga da mai goyo ne tun ranar farko.

Abu na ƙarshe ba na daɗewa a kansa: gajiyar cikin gida. Polan da ta fi kowa buɗe wa 'yan Yukren ƙofa, ita ce a Afrilun 2023 ta hana shigo da hatsin Yukren saboda manomanta sun tayar da ƙayar baya. In zaɓe ya matso, ƙara sa ido a nan.

Duk wannan a littafin rubutu guda nake ajiye shi, kowace maƙwabciya da shafinta. Shafin na raba shi biyu, dama abin da ta faɗa, hagu abin da ta yi, kowanne da kwanan wata. Ranar Juma'a nakan bi shafukan in ja layi a ƙarƙashin duk inda hagu ya saɓa wa dama. Shafin Chadi ya cika tun bara, na liƙa masa wata takarda a baya.