Lamba 4,294,967,297: inda mutane ke yawan zamewa

Kuskure na farko da ake yi da babbar lamba irin 4,294,967,297 shi ne da an ga mara ce sai a ce ai firam ce, wato ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta. To mara daban, firam daban. Ko 91 ma mara ce amma 7 sau 13 ce.

Sai masu ɗan gwaji, a duba 2, a duba 5, a tara alƙaluman a samu 59 a ga 3 ba ta shiga, a ƙara da 7 da 11 shikenan a rufe littafi. Wallahi aiki bai ma soma ba, don wannan lambar 641 sau 6,700,417 ce, kuma babu ƙaramar firam da za ta raba ta kafin 641. Amma kuma ba sai ka gwada har biliyan huɗu ba, ka tsaya a sikwaya rut ɗinta, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka ita, nan wajen 65,536, ka gwada firam kawai.

Kar kowa ya ji kunya fa, masanin lissafi Fermat da kansa a nan ya zame. A 1640 ya lura 3, 5, 17, 257 da 65,537, wato 2 a ninka ta da kanta sau 1, 2, 4, 8 da 16 a ƙara 1, duk firam ne, sai ya ɗauka duk 'yan wannan jerin haka suke, ita kuma tamu ita ce ta shida, 2 a ninka ta da kanta sau 32 a ƙara 1. Sai 1732 wani masanin lissafi, Euler, ya fasa ta. Abin da ya fi burge ni shi ne ya nuna duk firam da za ta raba ta dole in ka raba ta da 64 saura 1 ya rage, to ka ga sai 193, 257, 449, 577, ta biyar 641 ta shige. Misali biyar irin na Fermat ba hujja ba ne a lissafi, ko dubu ne ma.

Kalkuleta ma tana yaudara. Mai nuna alƙaluma goma in ka raba lambar da 3 za ta ba ka 1,431,655,766 cif kamar babu saura, alhali cike ta yi. Ka mayar ka ninka da 3, za ka ga 4,294,967,298 ta fito, ta ɗara da ɗaya.

Wasu kuma don tana maƙwabtaka da 65,536 sau 65,536 sai su ce sikwaya ce, wato wata lamba ce aka ninka da kanta. Dubi ƙarshenta kawai, babu sikwayar da ke ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8. In an ce ka lissafo masu raba ta kuma kar ka manta da 1 da ita kanta, huɗu ne ba biyu ba.