Daga taimaka wa malami zuwa riƙe lasisin kanki

Shekara uku na yi ina taimaka wa malamar aji biyu a wata makarantar kuɗi a Tudun Wada. Ni ce feƙe fensir, ni ce raka yara banɗaki, amma ba ni da takardar da ta ce ni malama ce. Ƙanwata, in kema haka kike, ga hanyar da na bi.

Fara da NCE, domin ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya. Ba sai kin ajiye aiki ba. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wato NTI, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna kan hanyar Zariya, tana koyar da NCE ɗin daga nesa. Mai digirin da ba na ilimi ba kuwa, PGDE za ta ƙara, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri.

Daga nan sai TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993, wadda ke ba da lasisin koyarwa. Jarrabawarta a kwamfuta ake yi, kuma nan mutane ke rikicewa. Ni kam sai da na yi mako biyu ina zuwa shagon intanet, hannuna na rawa kan linzamin kwamfuta kamar na riƙe ɗan tsako. Ki koya tun da wuri, kada ranar ta zama ranarki ta farko.

Ki duba sunanki a kowace takarda. Tawa ɗaya Hauwa, ɗaya Hauwa'u, sai da na je kotu na yi rantsuwa.

Idan lasisi ya fito, ki rubuta ranar ƙarewarsa, domin sabunta shi ake yi.